Katin da Ya Yi Wata Biyar a Aljihuna

Shekarun baya, tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu, na taɓa yin aikin akawun mota. A 1976 ne, shekarar da aka buɗe firamare kyauta, ko'ina ka duba sabon malami ne da jaka a hammata. Ina da shekara ashirin da uku, ina zaune da mahaifiyata a Kagoro, can wajen gindin dutse. Na yi aji uku a sakandare abin ya gagara, na dawo gida ina noman dawa da gwaza, ina jiran ranar da wani zai lura cewa na iya rubutu mai kyau.

Wanda ya lura wani dattijo ne a cocinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Kowa Baba yake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya sayi bas mai cin mutum talatin da biyu. Kullum da safe ta kwashi ma'aikata daga Kagoro zuwa Kafanchan, da rana ta yi Manchok ko Samaru Kataf da 'yan kasuwa, da yamma ta koma ta dawo da ma'aikatan gida. Kuɗin mota sule biyu ne zuwa, wato kwabo ashirin, sule biyu dawowa. Amma Baba ya zo da wani tsari da ya koya a tsohon wurin aikinsa, wato katin wata. Ka biya naira shida a farkon wata, a rubuta sunanka a kati, ka yi ta shiga har wata ya ƙare. Ga mai zuwa aiki kullum, wannan kusan rabin kuɗi ne.

Ni ne mai rubuta sunayen, ni ne mai tsayawa a bakin ƙofa ina duba kati. In kun gan ni a lokacin sai kun yi dariya. Biro uku a aljihun riga, ɗaya ne kawai ke rubutu. Ga laktaye na gwanjo da nake ɗaurawa a wuya ko ana zafi, ga ƙarfen huda tikiti a rataye a ƙugu kamar bindiga. Ina neman aure kuma, kowane kwabo na samu sai in ji kamar na ƙara taku ɗaya zuwa gidan surukai. Aikin nan shi ne komai nawa, kuma ina tsoron Baba kamar me. Mutum ne mara yawan magana, agogo a hannu, doka a baki. An ce akawun da ya riga ni, yawan ba da shawara ne ya sa aka kore shi. Ban tambayi kowa ko gaskiya ne ba, na dai kama bakina.

Ina da wani aboki da ya girme ni da shekara huɗu. Gidanmu da nasu gona ɗaya ce ta raba. Ya tafi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da igiya biyu da ɓallin ƙarfe a ƙwaurinsa na hagu. Ciwon bai taɓa rufewa gaba ɗaya ba. Da rani ya bushe, da damina ya riƙa tsattsafowa, shi kuwa ya ɗaure da tsumma mai tsabta ya ci gaba da harkarsa. Ina kiransa Kofur, yana kirana Akawu. Yana da mata da yara biyu. Ya samu aiki a wani ƙaramin gidan buga takardu a Kafanchan, yana tsaye yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, katin aure, tsarin sujada, rasit. Su ne ma suke buga mana katin wata. Sai dai aikin bai kai na kullum ba. Litinin, Laraba da Juma'a kawai ake bukatarsa, kuma na kwana ukun nan ake biyansa.

Wata ranar Asabar a watan Afrilu ya same ni a tasha ina goge takalmi. Ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafar nan.

"Akawu, ina da tambaya," in ji shi. "Hedimasta yana zuwa kullum, naira shida yake biya. Ni ina zuwa rabin zuwansa, in ka tara sule-sulen da nake ba ka, sun haura naira biyar. In na sayi katin wata kuma, rabinsa asara ne. To tsakanin ni da hedimasta, wa ya fi bukatar sauƙi?"

Na ce, "Kofur, ba ni na yi dokar ba."

"Na sani. Shi ya sa na kawo maka wannan."

Ya zaro wani kati ruwan ɗorawa daga cikin Sabon Alkawarinsa. Shi ya tsara shi, shi ya buga bayan an tashi aiki. Ƙananan gidaje ashirin da huɗu ne a jere, kowane da lambarsa.

Ya ce, "Kowace shiga, ka huda gida ɗaya. Ba ruwansa da wata. Ranar da mutum ya yi tafiya, ranar katinsa ya ragu. Naira uku da rabi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, ka sani. Ga matan da ke zuwa wanki, ga masu zuwa asibiti karɓar allura sau biyu a mako, ga malaman yaƙi da jahilci. Yawancinsu da ƙafa suke tafiya, motarku tana wuce su da kujeru fanko."

Na juya katin, na ga abin ya yi ma'ana. Na ce me ya sa ba zai kai wa Baba da kansa ba. Ya yi dariya ya tuna mani cewa bara sun yi sa'insa da Baba a taron ikilisiya a kan kwanon rufin coci, har yanzu gaisuwarsu ba ta gama warkewa ba.

"Kai ne na cikin gida," in ji shi. "In daga bakinka ta fito zai saurara."

Na ce ya bar mani. Na sa katin a aljihu, bayan biro ukun nan.

Sau biyu na je gidan Baba da niyyar nuna masa. Na farko na tarar yana faɗa da direba a kan taya, na gaishe shi na juyo. Na biyu yana zaune shi kaɗai a kujerarsa ta hutawa, ya ɗago ya ce, "Akawu, lafiya?" Hannuna yana kan aljihu. Sai na ji bakina yana cewa na zo ne in gaya masa gilashin baya ya tsage. Ya ce ya sani. Na yi sallama.

Ranar Lahadi bayan sujada abokina ya tare ni a gindin mangwaro.

"Baba ya ce me?"

Da na ce ban samu dama ba tukuna, da shi ke nan. Amma kunya ta kama ni, tsohon soja ya aiki mai laktaye ya kasa buɗe baki. Sai na ce, "Ya ƙi."

"Ya karanta kuwa?"

"Ya karanta. Ya ce ba haka ake yi a jirgin ƙasa ba." Kuma don kar ya je ya tambaya, na ƙara da cewa, "Ya ce in ina son aikina kar in sake tayar da maganar."

Fuskarsa ta canza. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, yi haƙuri, na kusa jawo maka. An bar maganar. Na gode da ka gwada."

Sai ya nemi wata hanya. Akwai wata gwauruwa a unguwarsu, mai yara uku, tana wankin zannuwan gado a wani masaukin baƙi a Kafanchan ranakun Talata, Alhamis da Asabar. Suka haɗa naira uku-uku suka sayi katin wata ɗaya da sunanta. Kowace yamma wanda ya dawo ya miƙa wa ɗaya ta kan danga. Ni na rubuta sunan da hannuna, kuma na san abin da ake ciki. Ranar Litinin ya nuna mani katin ya ɗora babban yatsa a kan sunan, ni kuma in kalli sama. Na ma ji daɗi a raina, ina ganin na biya shi abin da na yi masa. Haka muka yi Mayu da Yuni.

Akwai wani ma'aikacin ofis mai katin wata da yake son kujerar bakin ƙofa, saboda iska. Ni kuwa ranakun da abokina yake tafiya nakan ajiye masa ita don ya samu wurin miƙe ƙafa. Mutumin yana dai kallo.

Baba yakan bi motar sau ɗaya a farkon kowane wata ya ga yadda abubuwa ke tafiya. A Yuli ya zo ranar Laraba. An cika, direba ya tayar da inji, sai mutumin nan ya ɗaga murya daga baya.

"Baba, ina da tambaya. Katin wata na mutum nawa ne? Domin katin da ke hannun sojan nan, jiya a hannun mace na gan shi."

Baba ya miƙa hannu, abokina ya ba shi. Ya sa tabarau ya karanta sunan, sannan ya nuna layin da ke ƙasa da yatsa.

"Karanta mani nan."

"Ba sai na karanta ba, Baba," in ji abokina. "Ni na jera haruffan. Cewa aka yi, ba a ba wani."

Baba ya juyo gare ni. "Akawu, ka san da wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Abokina bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Baba, ni ne da laifi, ni ka hukunta. Matar nan gobe za ta je aiki, jiya-jiya muka sayi katin. Ai da ka karɓi abin da..."

Sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, ya ga yadda gumi ke zubo mani ta ƙarƙashin laktaye. Na san abin da ya tuna. Ya tuna an ce za a kore ni in maganar ta sake tashi. Ya haɗiye sauran.

"Abin da me?" in ji Baba.

"Ba komai, Baba."

Baba ya miƙo mani katin ya ce in yaga. Na yaga shi gida biyu, na sake haɗawa na yaga, a gaban mutum talatin. Abokina ya dafa ƙofa ya sauko a hankali, ƙafar lafiya tukuna, sannan ɗayar. Da zai wuce ni ya ce a hankali, "Kar ka damu, Akawu. Aikinka ne."

A ranar ya fara tafiya da ƙafa. Ya sayar da zakarun matarsa biyu ya mayar wa gwauruwar naira ukunta, domin a ganinsa shi ya jawo mata. Bayan haka ba shi da sule huɗun kowace rana, in har yara za su ci. Ko da yana da shi ma, ban jin zai sake taka motar da aka sa shi saukowa a gaban jama'a. Sau ɗaya na aika masa da kuɗi ta hannun matarsa. Ta dawo da su washegari, ta ce ya ce a gaya wa Akawu ya ci gaba da tara kuɗin aurensa.

Akwai hanyar yanke ta cikin gonaki, tana rage tafiyar, amma sai ka tsallake rafi sau biyu, kuma damina ta kankama. Kafin ya shiga yanken yakan bi titi na ɗan lokaci, a nan muke cimma masa. Tun daga nesa nake gane tafiyarsa, kafaɗa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗaya, buhun taki a ka saboda ruwa. Wata safiya ana tsuga ruwa direba ya rage gudu ya ce, "Akawu, mu ɗauke shi. Wa zai gaya wa Baba?" Na waiwaya na haɗa ido da ma'aikacin ofis ɗin nan, yana zaune a kujerar bakin ƙofa. Na ce, "Mu tafi." Bayan mako guda na kasa jurewa, na buga jikin mota na ce a tsaya. Abokina ya ɗaga hannu ya yi mana alamar mu wuce, bai ko rage tafiya ba.

Gwauruwar ma da ƙafa ta koma, domin naira ukun ba za su kai ta ƙarshen wata ba. Ta makara sau biyu, aka ba wata aikin. Kafin damina ta ƙare ta kwashe yaranta ta koma ƙauyen iyayenta. Ban sake ganinta ba, ban kuma san yadda ta ƙare ba.

Mako bakwai ya yi a haka. Ya shiga ruwan rafi da ciwo a buɗe, ya wuni a tsaye gaban akwatin haruffa, ya sake shiga ruwan da yamma. Yana wanke ƙafar da ruwan gishiri, ya ɗaure, ya saki wando a kai. Ko matarsa bai bari ta gani ba sai da wari ya tona.

Ƙarshen Agusta, da safe muna lodi, matarsa ta zo tasha a guje ba ɗankwali. Ta ce tun jiya jikinsa kamar wuta, yana ta kiran sunayen mutanen da suka mutu a yaƙi. Direba bai jira na ce komai ba, ya juya mota zuwa unguwarsu. Mu huɗu muka ɗauko shi a tabarma muka kwantar a kujerar baya. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har kusa da gwiwa. Fasinjoji suka toshe hanci da hankici, wasu mata suka fara waƙar addu'a a hankali. Ni na riƙe kansa har Kafanchan. Bai gane ni ba.

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce da mako biyu da suka wuce aka kawo shi, da wata magana ce. Bayan kwana uku aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. Gidan buga takardu suka jira shi wata ɗaya, suka ɗauki wani. Ba zan ga laifinsu ba, aikin na tsaye ne.

Duk wannan lokaci katin nan ruwan ɗorawa yana tare da ni. In na canza riga sai in mayar da shi aljihun sabuwar. Ban iya yar da shi ba, ban iya kai shi ba. Wata rana a Satumba na manta shi a aljihu, mahaifiyata ta tsince shi a wurin wanki.

Na dawo da yamma na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, katin yana shanye a kan turmi. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma tana karanta Littafi Mai Tsarki, kuma ta ji labarin katin a bakin matar abokina. Da yarenmu ta yi maganar, a hankali, ba ta ɗago ba.

"Ranar Alhamis a zumuntar mata na tambayi matar Baba. Na ce me ya sa maigidanki ya ƙi katin yaron nan, ga shi yanzu ya rasa ƙafa. Ta ce wane kati? Ta ce ba abin da ke shiga gidansu ba ta ji ba, ba ta taɓa jin wannan ba. Na ce mata ƙila ni ce ban fahimta ba."

Na ce, "Mama..."

"Ban gama ba. Ni na haife ka, ba zan tona ka a gari ba. Amma ba za ka ƙara cin tuwona ba sai ka kai takardar nan inda aka aike ka."

Washegari da rana na tafi. Baba yana kujerarsa. Ban gaishe shi da kyau ba ma, na miƙa masa katin, ruwa ya ɗan ɓata gefensa, na yi bayani ina in'ina. Ya sa tabarau. Ya ƙirga gidajen da yatsa. Yana ta motsa leɓe, sai na ga yana murmushi, abin da ban taɓa gani ba.

"Kai, wannan ai dabara ce," in ji shi. "Kuɗi a hannu tun mota ba ta tashi ba. Ga kujerun da muke kaiwa fanko. Wa ya yi wannan tunani?"

Na ce Kofur ne.

"Kofur? To me ya hana shi kawo mani tun da? Da ba a kai ga abin da aka kai ba." Ya girgiza kai. "Girman kan soja."

Na bar shi a haka. Duka maganar ba ta kai minti biyar ba. Da zan tafi ya ce in riƙa kawo irin wannan shawara, yana son akawu mai tunani, ba kamar na baya ba da burkutu ya hana shi zuwa aiki. A nan na ji ainihin dalilin korar mutumin.

A Oktoba aka fara sayar da sabon katin. Wanda ya gaji abokina a wurin aiki shi ya buga. Kafin Kirsimeti motar ba ta tashi da kujera fanko. Matan wanki, masu allura, tsofaffin da ke zuwa karɓar fansho, 'yan koyon ɗinki masu zuwa kwana biyu a mako, duk suka dawo mota. Wasu masu motocin da ke bin Manchok suka kwaikwaya. Mutane suka riƙa tsayar da ni a kasuwa suna sa mani albarka. Baba ya ƙara mani albashi. A farkon shekara na yi aure.

Ranar godiyar kaka abokina ya zo coci da sanduna biyu, ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil. Da aka ba da lokacin shaida ya miƙe. Ya gode wa Ubangiji da ya bar shi da rai. Ya gode wa matarsa. Sannan ya ce yana so ya gode wa ɗan'uwansa Akawu, wanda bai gaji da maganar talakawa ba har sai da ta shiga. Aka yi tafi. Na hango mahaifiyata a layin mata, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, ba ta tafa ba.

Shekara biyu na ɗauka kafin na faɗa masa. Lokacin na samu gurbi a kwalejin horon malamai, ina shirin barin aikin mota. Shi kuma ya koma ɗinkin littattafai a ƙofar gidansa, mutane suna kawo masa tsofaffin Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi yana yi musu sabon bango. Na same shi da hantsi yana jan zare. Na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, tun daga gilashin baya har zuwa minti biyar ɗin nan.

Bai daina ɗinki ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya ciji zaren ya yanke.

"Ranar nan a mota," in ji shi, "na haɗiye magana don kar a kore ka."

"Na sani, Kofur."

"Shekara biyu ina karɓar jibin Ubangiji daga hannun dattijon nan da ƙulli a zuciyata. Ina cewa shi ya ƙi. Ashe bai ma gani ba." Ya ajiye littafin. "Me ya sa ka gaya mani yanzu?"

Na ce ba na iya barci.

Ya ce, "To yanzu za ka yi. Ni ne ba zan yi ba. Tashi ka tafi."

Na ji daga baya cewa a makon ya ja sandunansa har gidan Baba ya roƙe shi gafara a kan riƙon da ya yi masa, bai kuma faɗa masa dalili ba. Ni kuwa fiye da shekara bai amsa gaisuwata ba. Sai da mahaifiyata ta rasu ya zo, ya zauna kusa da ni kwana ukun makoki. Rana ta uku da zai tashi ya ce, "Na yafe maka, domin haka aka umarce mu. Amma kar ka nemi mu koma kamar da, ba ni da shi." Haka kuwa aka yi. Muka ci gaba da gaisawa, muna zuwa bikin 'ya'yan juna, har ya koma ga Ubangiji shekaru da yawa bayan nan. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni ne yau nake faɗa, da izinin matarsa.

Abin da ya tayar mani da wannan, ina ganin yadda matasa ke rubutu a wannan shafi a kan kuɗin mota, musamman masu zuwa aiki kwana biyu ko uku a mako, da yadda rangwame kullum yake tafiya ga mai cikakken aiki. Kuna da gaskiya, kuma ba sabon abu ba ne. Mai tsara farashi yakan zauna ne da hoton mutum irinsa a ka, mai albashi, mai fita kullum. Wanda aikinsa rabi ne, kuɗinsa rabi ne, shi ake bari ya biya mafi tsada, kuma ba don mugunta ba, don dai ba wanda ya kai maganarsa ciki. Na daɗe ina ganin manyan da ke sama su ne matsala. A nawa labarin babba bai ƙi komai ba. Ƙaramin da ke bakin ƙofa ne ya yanke hukunci a madadinsa, saboda tsoron abin da ba a ma yi masa barazana da shi ba. In kana aiki a tsakanin masu roƙo da mai iko, aka ba ka saƙo, ka kai. In an ƙi, a ƙi a gabanka.

Shekarar da na cika hamsin, cikin Agusta, na tashi wata safiya na ce wa matata zan je Kafanchan da ƙafa. Ta ɗauka wasa nake. Na bi ta yanken, na tuɓe takalmi na shiga rafin nan sau biyu, ruwan ya kai mani cinya, sanyinsa har cikin ƙashi. Da ƙafafuna biyu lafiyayyu na yi awa biyu da minti arba'in, na zauna hutawa sau uku. Da na isa ban iya komawa ba, mota na shiga. A cikin motar na lissafa. Kwana uku a mako, mako bakwai, zuwa da dawowa. Sau arba'in da biyu Kofur ya yi ta.